Yadda ake farfaɗo da jiki da birkin tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, samfurin a-kori-kura ya biyo baya a 1979. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya yi ta fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har gobe ake ganin su jibge a bayan gidaje da garejoji, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ciki. Da yawansu za su tashi idan an bi aikin daki-daki: ƙarfe tukuna, sai birki, fenti a ƙarshe. Akasarin masu mota da fenti suke farawa saboda shi ido ke gani, kuma nan kuɗi ke zurarewa, domin tsatsar da aka rufe za ta kumburo bayan damina ɗaya.

Ka fara da wanke motar sarai, har ƙarƙashinta, ka cire kujeru da shimfiɗar ƙasa da robobin ƙofa. Sai ka ɗauki sukudireba da ɗan maganaɗisu ka zagaya ta. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an taɓa cusa fila mai kauri, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Inda sukudireba ya huda, ƙarfen ya mutu. Ka tsananta bincike a ƙasan ƙafar direba, gindin ƙofofi, kewayen gilashin gaba, mazaunin batir, da wuraren da sifirin na baya ya kama jiki. Gadon baya kuwa, inda ake loda kaya, ya sha takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi, kuma duk cikinsu babu wanda ke raga wa ƙarfe. Idan mazaunin sifirin ya ruɓe ko motar ta karkace, ka tsaya ka yi lissafi da mai walda kafin ka sayi ko da gwangwanin fenti ɗaya.

Kafin a kunna wutar walda, a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ma yana fashewa, saboda tururin da ya rage.

Ƙa'idar gyaran tsatsa ita ce a yanke ta har sai an kai ga farin ƙarfe mai lafiya. Kada ka yarda a ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe, ruwa zai kwanta a tsakaninsu. A yanki kwali daidai da ramin, a zana shi a kan fallen ƙarfe mai kaurin na asali, wajen milimita 1 a yawancin jikin mota, a lanƙwasa shi ya zauna baki da baki. Wajen walda a riƙa ɗigawa nan, a tsallaka can, a bari ya huce, sannan a dawo a cike tsakani. Mai waldar da ya ja wuta a miƙe zai sa fallen ya murɗe, daga nan sai a koma neman fila ta rufe asiri. A masu sana'ar Panteka a Kaduna akwai waɗanda za su buga maka gindin ƙofa da hannu idan ka kai musu tsohon. Da an gurje waldar, a shafa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, a ranar, ciki da waje, a kuma buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofofi.

Yanzu sai birki, kuma a nan nake so ka fi kashe kuɗi da lokaci. Dalilin yin sa kafin fenti a fili yake: man birki yana cin fenti. Birkin wannan mota faifai ne a ƙafafun gaba, ganga a na baya. Ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A gaba, ka duba faifan da fad, wato ɓangaren da ke goga faifan idan an taka birki. Faifan da ya yi zurfin zane ko ya sirance ƙasa da ma'aunin kamfani, a canza shi, kuma hagu da dama tare. Motar da ta daɗe a ajiye, fistin kalifarta, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, kan cije da tsatsa. A kwance, a wanke da man birki mai tsabta, a sa sababbin robobi. Fetur ko baƙin mai kada su taɓa robar birki, suna kumbura ta.

A baya, ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka kwance ɗayan, don ya zame maka abin dubawa. Ƙurar cikin gangar kada a hure ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin layinin birki, wato ɓangaren da ke goga cikin ganga, na iya ƙunsar sinadarin asbestos mai lalata huhu, sai a jiƙa a goge da tsumma. Ka ɗaga robar ƙaramar silindar da ke tura layinin, idan ka ga danshi, ta gama aiki. Layinin da ya sha mai ba ya wankuwa, ƙona shi da wuta da wasu ke yi wasa ne da rai. A saka sabo, a shafa wa wayar birkin hannu giris, a daidaita.

Tiyon roba na ƙafafu duk a canza su, ko da sun yi kyan gani, domin daga ciki suke toshewa. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a sake shi da bututun birki na ainihi, ba na firji ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Idan za ka Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya, tafi da tsohon a hannu a gwada, don an yi 504 iri-iri. Ni dai ba na goyon bayan sayen masta (babbar silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafu) ko tiyo na hannu, komai arharsu.

Fitar da iskar da ta shiga bututun birki aikin mutum biyu ne. A zuba sabon mai DOT 4 daga rufaffiyar kwalba, saboda man birki na zuƙar danshi, shi ya sa ma ake sabunta shi duk shekara biyu. A fara da ƙafar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Na cikin mota ya taka birki sau uku ya riƙe, na ƙasa ya buɗe notin fitar da iska ya rufe, sannan a saki. A maimaita har kumfa ta ƙare, ba tare da an bar kofin mai ya ƙafe ba. Idan motarka na da bawul mai rage ƙarfin birkin baya gwargwadon kaya, a sa ƙafafun ƙarfen a ƙarƙashin aksul, wato sandar da ta haɗa ƙafafun baya, domin idan ƙafafun baya na reto mai ba zai wuce sosai ba.

Gwaji biyu kafin a hau titi. Ka taka birki ka riƙe na rabin minti, idan yana nutsewa a hankali, masta na zuba ta ciki. Sannan ka taka sau da yawa inji na kashe, ka riƙe, ka tayar da mota. Ya kamata ka ji ya ɗan sauka, alamar busta, wato na'urar da ke ƙara wa takun birki ƙarfi, na aiki. Daga nan a gwada a fili da gudun kilomita 30, a lura ko tana fizga gefe.

Sai fenti. Fila ta shafe ƙananan lotsa ce kawai, kada kaurinta ya wuce milimita 3. A gurje da samfefa mai lamba 80, sai 180, a fesa firaima, a bi da 400. Ka shafa da tafin hannu ido a rufe, hannu na jin tudun da ido bai gani ba. Lokacin fesawa yana da muhimmanci a ƙasarmu: ƙurar hunturu na manne wa ɗanyen fenti, danshin Agusta na dusashe shi. A samu rufaffen wuri mai mafitar iska, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi da sassafe, mai fesawa ya sa takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da hutu a tsakani, sun fi guda mai kauri da zai zubo. Idan ya bushe, a fesa man hana tsatsa cikin ƙofofi da ramukan ƙasa, a shimfiɗa katako ko roba mai kauri a gadon baya kafin a ɗora buhun farko.