Yadda nake haɗa launukan atamfa kafin in kai a buga

Duk yarinyar da ta zo koyon zanen atamfa a shagona na Agege, almakashi da buhun ƙyallaye nake fara miƙa mata. Kwamfuta sai daga baya. Idan ke ma wannan sana'ar kike so, ƙanwata, ga yadda nake yi.

Ki fara da da'irar launuka, wadda Isaac Newton ya zana a littafinsa na 1704. Abin da za ki riƙe kaɗan ne. Launukan da ke fuskantar juna, kamar shuɗi da ruwan goro, ja da kore, ruwan ɗorawa da shunayya, suna ƙara wa juna kaifi. Na kusa da juna kuwa suna kwantar da ido. Sati ɗaya ya ishe ki haddace wannan.

Inda aikin yake shi ne haske da duhu. Ki jera ƙyallayen da kika zaɓa a kan tebur, ki ɗauke su hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. Idan duk suka koma toka iri ɗaya, zanenki zai ɓace daga nesa komai kyan launukan. Dole a samu mai duhu sosai, da mai haske, da na tsakiya. Dubi adiren Abeokuta ko rinin Ƙofar Mata a Kano: baba ne da fari kawai, amma daga tsallaken titi kina ganin zanen sarai.

Sai maganar maƙwabtaka. A masaƙar Gobelins da ke Faris an taɓa yin ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Shugaban sashen rini, Chevreul, ya bincika ya gano rinin lafiyarsa ƙalau, launin da ke gefensa ne ke ruɗar ido. Ya wallafa bincikensa a 1839. Ki gwada da hannunki: ki yanka ƙyalle ruwan toka gida biyu, ɗaya ki ɗora kan ja, ɗaya kan kore. Na kan ja zai ɗauko ɗan tsanwa-tsanwa, na kan kore ya yi ja-ja. Shi ya sa ba na yanke hukunci a kan launi shi kaɗai, sai na kwantar da shi jikin wanda za su zauna tare.

Ni launi huɗu nake tsayawa a kai, da wuya in kai biyar. Ɗaya ya mamaye fili, ɗaya ya raka shi, ɗaya mai duhu na layi, sai ɗan mai walƙiya kamar gishiri a miya. Akwai ma batun kuɗi, domin a bugun sikirin, wato tura launi kan yadi ta cikin raga mai ɗauke da zanen, kowane launi da nasa sikirin, kina ƙara launi farashi na hawa.

Kada ki yarda da fuskar waya. Ita haske take fitarwa, yadi kuwa shan rini yake yi, kuma rinin auduga daban da na foliyesta. Ki ba mai rini ƙyalle a hannu ko lambar Pantone ta auduga, wato lambar launin a kundin launuka na kamfanin Pantone, ki ce a yi miki ɗan gwaji tukuna. Ki bar shi ya bushe, jiƙaƙƙen yadi kullum ya fi duhu.

Wani anko da na taɓa yi har yau yana cina a rai. Ruwan hanta da ruwan zinare ne, a shago da rana gwanin sha'awa. Daren biki, ƙarƙashin fitilun zauren taron, ruwan hantar nan ya koma ruwan ƙasa. Uwar amarya ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, wannan ne abin da muka zaɓa?" Ban iya ce mata komai ba. Tun daga ranar kowane gwaji sai na duba shi sau uku: a inuwar rana, da farar fitila, da fitila mai rawaya.

Duk wata ki ware rana ɗaya ki shiga kasuwar Balogun ta Legas da ɗan littafi. Ki lura da turmin da mata ke yawan cewa a sauko musu da shi, ki rubuta launukansa da wanda ya fi cin fili. In mai shago ya yarda, ki roƙi ɗan yanki ki manna a shafin, ki sa kwanan wata a ƙasa.