Kurakuran da sabbin 'yan santafin ke yi wajen zaɓen zare in an zo kamun salmon

Duk shekara daga ƙarshen Agusta, da kifin salmon ya fara haurowa daga Tabkin Ontariyo yana shiga koguna irin su Credit da Humber da Ganaraska, sai ka ga sabbin fuskoki a bakin ruwa, cikinsu har da 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo Kanada. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi ril, wato abin naɗe zaren kamun kifi, irin na santafin mai kyau, ya sayi sanda mai ƙafa 13, ya sayi wandon shiga ruwa, amma da aka zo kan zare sai ya ɗauki duk wanda hannunsa ya fara taɓawa a shago, ko ya kwaso ragowar wanda yake kan tsohon ril ɗinsa ya naɗa. Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda zai ji ya ji.

Ku fara gane abin da ke hannunku. Santafin faifai ne kawai da ke juyawa a kan ƙusa ɗaya, babu giya babu birki, ka juya hannu sau ɗaya faifan ya juya sau ɗaya. Turawan Ingila ne suka fara amfani da shi a kogunansu, daga baya masunta na yankin Manyan Tabkunan Arewacin Amurka da na British Columbia a yammacin Kanada suka ɗauke shi don sitilhed, wani kifi ɗan'uwan salmon, da shi salmon ɗin. Dabarar duka ita ce ruwa ya ja fulot, wato ɗan abin da ke iyo a sama yana rataye da koto, fulot ya ja zare, faifan ya sake zaren da kansa, koto ya tafi daidai da gudun ruwa kamar babu abin da ke riƙe da shi. In kifi ya kama kuwa, yatsunka da tafin hannunka su ne birki. To ka ga a nan zare ba ƙaramin abu ba ne, in ya nutse tafiyar ta lalace, in ya maƙale faifan ya tsaya, in ya yi rauni babu wata na'ura da za ta rufa maka asiri.

Kuskure na farko da ya fi yawa, naɗa fulorokabon, wani irin zare garai-garai da ake ce wa fuloro, a matsayin babban zare. Mutum ya ji an ce kifi ba ya ganin fuloro a ruwa, kuma ya ga ya fi tsada, sai ya ɗauka ai shi ne mafi kyau, ya cika faifai da shi. Haba malam. Fuloro nutsewa yake yi, nauyinsa ya kusa ninka na ruwa sau biyu, shi kuwa nailan da kaɗan ya fi ruwa nauyi shi ya sa yake iya kwanciya a sama. In fulot ɗinka ya yi nisan mita 20 ko 30, duk zaren da ke tsakaninku yana ƙarƙashin ruwa, ruwa mai gudu ya kama shi ya yi masa ciki, ya fara jan fulot gefe, koto ya riƙa tafiya a karkace da saurin da ba na ruwa ba, kifi yana gani ya kauce. Ka zo ɗaga zaren don ka gyara masa hanya ba zai ɗagu ba sai ya fizgo fulot ɗin. Mafi ciwo kuma, in fulot ya nutse ka fizga sanda, ƙarfinka duka ya tafi wajen ciro zare daga ruwa, kafin ya kai ga ƙugiya kifi ya riga ya tofar. Ga tauri, yana tsalle daga faifai zobe-zobe. Fuloro wurinsa ɗaya ne, lida, wato guntun da ke ɗauke da ƙugiya. Babban zare ni mono nake sawa, wato zaren nailan, wanda aka yi don ya yi iyo, irin su Siglon F ko na Raven, kuma mai launi da ido zai gani, ruwan lemo ko ɗorawa ko hoda. Masu tsoron launi zai kori kifi, ai ba shi ke zuwa wajen kifin ba. Daga ƙasan fulot sai ka ɗaura ƙaramin suwibil, wato ɗan ƙarfe mai juyawa da ake haɗa zare biyu da shi, ka sa zare marar launi wanda za ka jera dalma a kai, sannan wani suwibil ɗin sannan lida. Kifi bai ga lemon ba, kai kuma kana ganin inda zarenka ya kwanta, maƙwabcinka a bakin ruwa ma yana gani ba zai jefo nasa a kan naka ba.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙona min rai, kuma har yau in na ga wani yana yi sai na yi magana ko bai tambaye ni ba. Cika faifai tun daga ƙasa har baki da mono zalla, babu shimfiɗa, wato wani zaren da ake fara naɗawa a ƙasa. Ana ganin kamar wayo ne, wai zare ya yi yawa ko kifi zai gudu da nisa. Mono yana miƙewa, in ka naɗo shi da nauyin Cinuk, wato babban nau'in salmon, a ɗaya bakin, kowane zagaye yana shiga da ƙarfi ya nutse tsakanin zagayen da ke ƙasa, musamman in tun farko sakwa-sakwa ka naɗa. Wata safiya ta Satumba na kama wani namijin Cinuk na saki, ina murna na sake jefawa, sai na lura fulot yana tafiya yana cijewa, faifan yana juyawa yana tsayawa, na ce ko yashi ne ya shiga ril na ci gaba. Fulot ya nutse na ɗaga, wata babbar mace ce mai sheƙi da alama ba ta daɗe da barin tabki ba, ta ja da gudu ƙasa, zaren ya fita kamar mita 15 ya kai inda ya nutse cikin ɗan'uwansa ya kulle ƙam. Faifai ya tsaya cak, sanda ta lanƙwashe har na ji kamar za ta karye, zare ya tsinke a bakin ril. Ta tafi da fulot da dalma da zare mai tsawo tana ja a bakinta, kuma wannan ya fi damuna a kan asarar kifin, domin dabba ce ta zo haihuwa na bar ta da kaya a jiki. Tun ranar ban sake ba.

Abin da nake yi yanzu, in fara da shimfiɗar dakron, wani saƙaƙƙen zare irin na masu kamun kifi da ƙugiya mai siffar ƙuda, mai ƙarfin laba 20 ko 30, in cika yawancin faifan da ita a matse, sannan in haɗa da ƙullin Albright in ɗora mono yadi 100 zuwa 150, bai wuce nan ba. Dakron ba ya miƙewa, ba shi da nauyi, faifai ya fi saurin tashi da ɗan jan ruwa kaɗan, kuma in lokacin canji ya yi mono ɗin sama kawai za ka zubar. Wajen naɗawa ka riƙe zaren cikin jiƙaƙƙen tsumma ka matse, kana kai shi dama da hagu ya kwanta daidai, kar ka bari ya taru wuri ɗaya ya yi tudu. Ka bar tazara kamar milimita 3 ko 4 kafin bakin faifai, in ka cika taf iska kaɗan za ta zubo da shi ya shiga bayan ril. Sannan bayan kowane babban kifi, kafin ka sake sa rai, saki fulot ya tafi nesa har zaren ya wuce inda aka yi kokawa, ka naɗo shi a hankali. Minti biyu ne.

Wani kuma sai ya sa lida ta fi babban zare ƙarfi, ko su zo ɗaya. Ƙugiya za ta kama dutse ko itace, wannan dole ne a kogi, in ka ja wurin da ya fi rauni ne zai tsinke, to kai ne za ka zaɓi wurin tun a gida. Ni don Cinuk babban zare laba 15, zaren dalma 12, lida 10, in ruwa ya yi garau in sauko 8. Ƙugiya kawai zan rasa.

Yanzu bari in yi faɗa, don wannan ba rashin sani kaɗai ba ne akwai son a gani a ciki. Mutum ya kalli bidiyon masu kamun sitilhed a sanyin Disamba da babban zare laba 8 da lida 4 ko 5, sai ya kwaso wannan saitin ya zo da shi wajen Cinuk a Satumba, wai shi gwani ne mai kama babban kifi da siririn zare. Cinuk na Tabkin Ontariyo laba 15 zuwa 25 abu ne da aka saba gani, wasu sun haura 30, wato kilo 13 da wani abu. Da wannan zaren ba ka da ikon juya kansa, shi ke jan ka, kana binsa sama da ƙasa kana ta ihun a ba ka hanya, mutum goma sun naɗe zarensu sun tsaya jiran ka gama, rabin awa ta wuce. Ruwa a farkon kaka da ɗumi, iskar da kifi ke shaƙa a ciki ta yi ƙasa, lokacin da za ka kawo shi gaɓa ya gama galabaita, ka ɗau hoto ka tura shi ruwa ya juya ciki sama. Kar wani ya ce min ai dama mutuwa zai yi bayan haihuwa. Eh zai mutu, amma bayan ya kai tsakuwa ya zuba ƙwai, ba a hannunka ba don kana son a ce ka iya. In za ka ci ka kama da sauri ka yanka cikin adadin da lasisinka ya yarda, in za ka saki ka kawo shi da ƙarfinsa. Duka biyun zare mai ƙarfi suke so. Ɗaya ɓangaren ma akwai, masu zuwa da laba 30 mai kaurin tsiya, ba ya sauka daga faifai da daɗi, iska na kama shi, kuma sau da yawa in ka duba ba koto suke bai wa kifi ba, fizga suke yi su soke shi a baya ko wutsiya. Wannan haramun ne a dokar Ontariyo, kuma abin kunya ne.

A British Columbia, a kogi irin Vedder da ke Chilliwack, ruwan ya fi girma da ƙarfi, mutanen can sukan hau laba 15 zuwa 20 kuma suna da gaskiya. Kogin da kake tsaye a ciki shi za ka duba, ba na cikin bidiyo ba.

Maganar saƙaƙƙen zare, wato bired, na san akwai masu rantsuwa da shi, yana iyo da kyau kuma in fulot ya yi nisa fizga ɗaya ta isa. Ni ba na sawa a santafin kuma ba na ba sabon shiga shawara ya sa. Hannunka kullum yana kan zare, in Cinuk ya ja da gudu bired zai yanka yatsa kamar reza, ba ya miƙewa ko kaɗan don haka duk girgizar kan kifi a kan lida take sauka, yana naɗe kan sanda in iska ta taso, da sanyi ya shigo kuma ya sha ruwa ya daskare. Miƙewar mono ita ce ɗan sassaucin da ril marar birki ba zai ba ka ba.

Sauran ƙanana ne amma suna cin mutane. Kar ka dogara da lambar laba kaɗai, duba kaurin da aka rubuta a milimita, laba 12 na wani kamfani ya kai 15 na wani kauri. Wajen naɗa sabon zare ka soka fensir a tsakiyar abin da zaren ya zo naɗe a kai ya riƙa juyawa, kar ka ajiye shi a kwance zare na fita ta gefe, tun daga nan murɗewa ke farawa. Ka jiƙa ƙulli da miyau kafin ka ja, musamman fuloro, zafin gogayya na cinye shi. Namijin Cinuk yana da haƙora a wannan lokacin, bayan kowane kifi ka shafa lida da yatsa, in ka ji kaushi ko kaɗan yanke ka sake ɗaurawa. Kar ka bar ril a bayan mota rana na dukansa, nailan ba ya shiri da rana. Guntayen zare kuma a aljihu, ba a bakin kogi ba, agwagi da tsuntsaye na sarƙewa a ciki.

Murɗewar zare kuwa yawanci ba laifin zaren ba ne, jifa ce. Jifar gefe da kowa ke fara koya, inda zare ke zubowa ta gefen faifai, kowane zagaye da ya fita murɗa ɗaya ce, kafin azahar zare ya fara naɗe kan sanda da kansa, sai mutum ya ce an sayar masa da jabu. Ka je fili ka koyi jifar Wallis, wadda faifan ke juyawa zare ya fita a miƙe, za ta ba ka wuya kwanakin farko amma ta fi. Kafin ka iya, in murɗa ta yi yawa ka cire fulot da dalma da komai, ka saki zaren tsirara ruwa ya ja shi mita 40 ko 50, ka bar shi ya warware na ɗan lokaci, ka naɗo shi tsakanin yatsu biyu. Da kakar salmon ta ƙare a Oktoba kuma ka zubar da mono ɗin gaba ɗaya, ya sha duwatsu ya sha ja, ka ɗora sabo laba 8 ko 10 a kan shimfiɗar kafin sitilhed su shigo a Nuwamba.