Kurakuran da ke durƙusar da sabon mawaƙin soyayya

Kusan duk mako sai wani yaro ya tare ni a unguwar PZ ko Tudun Wada a nan Zariya ya miƙo min waya: "Yaya, ji sabuwar waƙata." Muryoyi garau wallahi, amma ramin da na faɗa shi suke faɗawa ɗaya bayan ɗaya, har bakina ya gaji.

Babban kuskure shi ne sayar da waƙa da fatar baki. Ni ya ci ni. Kwana uku na yi a wani situdiyo a Sabon Gari ina gyara amshin wata waƙa, ga zafi ga hayaƙin janareto. Wani furodusa ya ji, ya ce zai sa ta a fim, ya ba ni kuɗin da ko buhun shinkafa ba za su saya ba, muka yi musabaha. Fim ya fito, jarumi ya hau kan muryata, waƙa ta cika gidajen biki. Wata rana a cikin keke a hanyar Samaru na ji direba yana rera ta, yana yabon jarumin da iya waƙa. Na ɗora ta a shafina na YouTube, aka sauke, wai ta wani ce.

Abin takaicin, doka tana goyon bayana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kamar wadda ta gabace ta, ba ta yarda mallakar waƙa ta koma hannun wani ba sai a rubuce. To da me zan nuna tawa ce? Mai situdiyo ya goge fayil, kuɗin lauya babu. Yanzu ba na barin situdiyo sai da filas a aljihu, kiɗa daban, murya daban, kuma a daren nan nake tura wa kaina ta imel. Kafin kowa ya taɓa waƙata sai mun rubuta: haya ce ta fim ɗaya ko sayarwa ce baki ɗaya, kuma da wane suna za ta fita. Kana jin kunyar neman takarda don kada a ce ka cika son kuɗi? Ƙanena, kunyar nan ce ta cinye min waƙa.

Na biyu, zumuɗin shiga talabijin. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 shiri mai dogon zango ya samu kasuwa, kowane mawaƙi gani yake shi ma jarumi ne. Lumshe ido da dafa ƙirji a bidiyon waƙa ba wasan kwaikwayo ba ne! Na ga yaron da darakta ya sa ya maimaita layi biyu har rana ta faɗi, ba a sake kiransa ba. Ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, je ka kalli yadda ɗalibai ke yi a dandali. Ka haddace layinka tun a gida, ka koyi sauraron abokin wasanka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka bar na'ura ta lanƙwasa muryarka har mahaifiyarka ta kasa gane ka. Zuciya, ruhi, hawaye a kowane baiti sun gundiri mutane, faɗi abin da ya faru tsakaninku. Mai yi maka amshi, sa sunanta ka biya ta a ranar. In za ka yi aiki a Kano, yi rajista da hukumar tace fina-finai tukuna. Ni kuma da hunturu ba na shan ruwan sanyi ranar ɗaukar murya, sai shayin citta da zuma.