Yadda Ake Sauya Igiyar Janareto Idan Ta Tsinke

Ana yawan tambayata wannan, alhali aikin bai kai a je wajen bakanike ba. Ga yadda nake yi:

1. Kashe injin, ka zare wayar fulogi.
2. Kwance notunan murfin da igiyar take ciki.
3. Zare guntun tsohuwar igiyar.

Hattara: kada ka kwance notin tsakiyar faifan da igiyar take naɗuwa a kai. Sifirin yana naɗe a bayansa, in ya kufce zai iya yanka hannu ko ya shiga ido.

4. Nemo igiya mai kauri da tsawo irin na tsohuwar.
5. Ƙona bakinta da ashana don kada ta warware.
6. Juya faifan ta ɓangaren da yake ƙara tauri har ya tsaya.
7. Sassauta shi zagaye 1. Nan ake yawan kuskure: in ka bar sifirin a ƙure, ba zai daɗe ba.
8. Daidaita ramin faifan da na murfin.
9. Tokare faifan da sukurdireba.
10. Zura igiyar, ka ƙulle ta ciki.
11. Ɗaura mariƙin a ɗaya bakin.
12. Riƙe mariƙin, ka cire sukurdireban, igiyar ta koma a hankali.
13. Mayar da murfin da wayar fulogin.