Darasi na 9: Shirin Tafiya Legas da Badagiri a Hutun Ƙarshen Shekara

A watan Disamba makarantun boko suna hutu, ma'aikata da yawa suna samun sarari, kuma wanda yake da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yakan ce bari a kai yara su ga teku. A wannan darasi za mu shirya irin wannan tafiya a kan takarda. Kowa ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata a sama, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Mai masauki

Kafin a yi maganar mota, a fara sanin inda za a sauka. Kira mai masaukinka tun saura mako biyu ko uku, ka faɗa masa ranar zuwa, yawan mutanen da ke tare da kai, da kwanakin da za ku yi. Ɗakunan Legas ƙanana ne, haya kuma da tsada. Mutumin da zai ba ka ɗaki guda a gidansu na Kano, a can wataƙila shi da iyalinsa duka ɗaki ɗaya suke. Ba zai ce maka kada ka zo ba, kunya ba za ta bar shi ba, don haka kai ne za ka tambaya: "Yaya, mu uku ne, wurin zai ɗauke mu?"

Ka sa ya karanto maka adireshin, kai kuma ka rubuta da hannunka: sunan unguwa, sunan layi, lambar gida, da sunan tashar bas mafi kusa. Sunan tashar ya fi komai amfani, domin a Legas da shi ake kwatance. Rubuta lambar wayarsa ma a takardar. Waya tana mutuwa a hanya, wani lokaci kuma a sace ta. Kowane yaro a sa masa irin wannan takarda a aljihu.

Lissafin kuɗi

Nan za mu daɗe. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai don koyon lissafi. Na gaskiya sai ka je tasha da kanka ka tambaya, kuma ka sake tambaya ana saura kwana biyu tafiya, saboda kuɗin mota yana tashi a makon Kirsimeti.

A ce miji da mata ne da ƙaramin yaro da za a riƙe a cinya, za su yi kwana biyar:

Kuɗin komawa gida, mutum 2 × N40,000 = N80,000
Kuɗin zuwa, mutum 2 × N40,000 = N80,000
Abinci, kwana 5 × N6,000 = N30,000
Motocin cikin gari da zuwa Badagiri = N25,000
Tsaraba = N20,000
Na ko-ta-kwana = N25,000
Jimilla = N260,000

Kun lura kuɗin komawa na fara rubutawa. Da gangan na yi. Zuwana na farko, na shiga kasuwar Balogun da duk abin da ke aljihuna. Ga atamfa, ga leshi, ga takalman yara, kowanne na ga kamar ya fi na gida sauƙi. Ranar komawa na je tasha, na tarar an yi ƙari, abin da ya rage mini bai kai ba. Kwana biyu na ƙara a ɗakin mai masaukina ina jin nauyinsa, a ƙarshe bayan tirelar da ta sauke shanu na biyo zuwa gida, iska tana dukana dare da rana. Tun daga nan kuɗin komawa a ambulan daban nake sa shi, in rubuta KOMAWA a jiki, in ba uwargida ta ajiye. Wanda kuɗinsa ke banki ya yi haka a takarda: ya rubuta adadin da ba zai taɓa ba.

Kada a ɗauki tsabar kuɗi da yawa. Masu POS suna ko'ina, sai dai ka sa ladansu cikin lissafi. Amma ka riƙe canji, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, don kwandastan danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, ba ya son babbar takarda.

Hanya da kaya

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Mota takan bi ta Kaduna, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, wasu kuma ta Abuja da Lokoja. Ko ta ina aka bi, a sa rai da yini da kwana. Mai tafiya da mata da yara ya shiga mota a cikin tasha, ya rubuta sunansa da lambar ɗan'uwansa a takardar fasinjoji. Yanzu da ka iya rubutu, kai za ka cike da kanka, kada ka miƙa wa yaron mota.

A lokacin da Arewa ke fama da hunturu, Legas zufa ake yi. Rigar sanyi ɗaya ta isa, ita ma don daren hanya. A ɗauki kaya marasa nauyi, buta, darduma, caja, gidan sauro, da maganin da mutum ya saba sha. Katin shaidar ɗan ƙasa kuwa a aljihu yake zama, za mu ga dalili nan gaba. Game da salla, matafiyi yana kasaru a hanya, amma a mazhabar Malikiyya idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, sai ya cika.

Cikin gari

A Legas ba a auna nisa da kilomita, da gosulo ake aunawa. Tafiyar minti ashirin takan zama awa biyu, musamman da safe in ana shiga tsibirin Legas, inda kasuwar Balogun take, da yamma kuma in ana fitowa, balle a Disamba da baƙi suka cika gari. Saboda haka wuri ɗaya za ka tsara wa kowace rana, in ya yi yawa biyu.

Bas mai ruwan ɗorawa ita ce danfo. Kwandasta yana kiran sunan inda za shi da sauri, baƙo ba ya ganewa, don haka ka tambaya kafin ka sa ƙafa. In za ka sauka ka ce "o wa", wato akwai mai sauka. Manyan bas na BRT suna da allon rubutu a gaba, nan karatunka zai yi maka rana. Da katin Cowry ake biyan kuɗinsu, kuma da shi ake shiga jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a 2023 tsakanin Marina da Mile 2. Kada ka dogara da acaba, gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022.

Ranar Badagiri

Badagiri tana yamma da Legas, kusa da iyakar Seme da ƙasar Benin. Daga Mile 2 ake shiga mota, a wuce Okokomaiko da Agbara. Ku fita bayan sallar asuba. Hanyar iyaka ce, shingayen kwastan da na shige da fice suna da yawa, shi ya sa na ce katinka ya kasance a aljihu. Kuma duk arhar shinkafa 'yar waje da za ka gani, ka kau da kai, ana ƙwace ta a hanya.

Da ka isa za ka ji iska ta canja. Gari ne na masunta da manoman kwakwa, mutanensa na asali ana kiransu Ogu. Akwai benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Akwai gidan Seriki Abass, attajirin da ya rasu a 1919, inda har yanzu ake nuna ƙananan ɗakunan da aka tsare bayi da sarƙoƙin da aka ɗaure su. Kalmar Seriki daga "sarki" ta samo asali. Daga wannan gari ne kuma Bature Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa Kano da Sakkwato, inda ya rasu a 1827.

Daga bakin ruwa ake shiga kwalekwale a haye zuwa Gberefu, sannan a taka a ƙafa cikin yashi har bakin teku, wurin da ake loda bayi a jirage zuwa Burazil da sauran ƙasashe. Cikin waɗanda aka kai Burazil daga wannan yanki har da Hausawa. Ni dai a nan na ga yara sun yi tsit ba tare da an tsawata musu ba. Ku tafi da ruwan sha da hula, rana tana da zafi a yashin.

Ku yi ciniki da mai kwalekwale da mai yi muku jagora kafin a tashi, kuɗin zuwa da dawowa, ka rubuta a gabansu. Kowa ya sa rigar kariya, har wanda ya iya iyo. Teku kuma ba kogin Hadeja ba ne. Igiyar ruwa in ta zo ta koma, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ta ja mutum ciki. Iyakar ruwa idon sawu, hannun yaro kuma yana cikin naka. Ƙarfe 3 na yamma ta yi muku a mota.

Aiki

1. Karanta waɗannan da ƙarfi, sannan ka kwafe su sau biyu: Agege, Oshodi, Marina, Mile 2, Badagry. Na ƙarshen haka za ka gan shi a allon mota.
2. A lissafinmu, idan kuɗin komawa ya ƙaru da N7,500 a kan kowane mutum, nawa zai rage a kuɗin ko-ta-kwana?
3. Rubuta saƙon waya na layi uku zuwa ga mai masaukinka. Ka gaishe shi, ka faɗi ranar zuwa da yawan mutane.
4. Kafin darasi na gaba, je tashar garinku ka tambayi kuɗin motar Legas da lokacin tashinta. Rubuta amsar, ka zo da ita aji.