Yadda Ake Zana Tsuntsun Hamingbad Tare da Furensa

Wanda zai zana hamingbad, ɗan tsuntsun nan da ba a samunsa ko'ina sai a nahiyar Amurka, ya fara da furen, domin furen ne ke nuna inda tsuntsun zai tsaya da yadda zai karkata. A auna zurfin furen, a auna bakin tsuntsun, a tabbatar sun dace da juna. A tsaunukan Andes na Kudancin Amurka akwai wani jinsi da tsawon bakinsa ya kai kusan santimita 10, wanda ke sha daga fure mai dogon wuya, kuma idan aka haɗa shi da gajeren fure, zanen ya yi ƙarya komai kyansa. Furannin da hamingbad ya fi so yawancinsu ja ne, masu siffar kakaki, ba su da ƙamshi sosai, kuma sau da yawa suna rataye ne kai ƙasa.

Mai zanen da idonsa ya saba da sha-kauci na ƙasarmu ya yi hattara a nan. Sha-kauci yakan kama reshe ya sha, shi kuwa hamingbad a iska yakan tsaya, ƙafafunsa a naɗe, ƙananan jinsinsa na kaɗa fiffike har kusan sau 80 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka a fito da kai da ido da baki sarai, a bi gefen fukafukan da jiƙaƙƙen burushi har su yi dishi-dishi.

Ƙyallin maƙogwaro ne ya fi wuya. A zanukan da masanin tsuntsaye John Gould ya buga a Ingila daga 1849 zuwa 1861, an shimfiɗa siririn zinare a ƙarƙashin launi mai shara-shara don a kamo wannan walƙiya. Wanda ba shi da zinare ya soma da launi mai duhu, ya riƙa ɗora mai haske kaɗan-kaɗan, yana barin kowane shafi ya bushe, kuma ya bar gefe guda da duhunsa, tun da ƙyallin yana ɓacewa ne da zarar tsuntsun ya juya kai.

Martin Johnson Heade, mai zane ɗan ƙasar Amurka wanda ya je Brazil a 1863, ya sanya tsuntsu da fure cikin hazon daji maimakon farar takarda, kuma a ganina hakan ya fi gaskiya. Ko wace hanya aka bi, kada a manta da zaren furen da ke taɓa goshin tsuntsun, a ɗiga masa ɗan garin fure rawaya a daidai wurin.