Ga masu son fara haɗa sabulu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Na ga da yawanku nan wajajen Ringim da Taura kuna tambayar yadda ake sabulun man kaɗe, to ga yadda nake yi.

Man kaɗe giram 500, man gyaɗa giram 500, sodar sabulu (caustic soda) giram 125, ruwa giram 320. Don Allah ku nemi sikeli, ko aron na mai shago ne. Awon gwangwani shi ya ɓata min zubina na farko, sodar ta yi yawa, sabulun ya riƙa cin hannu.

Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba. Zai yi zafi har da tururi, saboda haka a tsakar gida za ki yi, ki sa safar hannu, ki kori yara. Kada ki kusanci tukunyar alminiyam, soda na cinye ta. Robar bokiti mai kauri da muciya sun isa. Idan ya fantsamar miki a fata, ki yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Ki narkar da man, ki bari shi da ruwan sodar su huce, sannan ki haɗa ki yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunun tsamiya, ki ja muciya ki ga sawunta ya tsaya. A nan ake gajiya, amma kada ki bari.

Juye a mazubi, bayan kwana 2 ki yanka. Sai ya sha iska a inuwa sati 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.